Littafin Mama a Kan Sikelin Mai Turare

Mahaifiyata ta koyi karatu ne bayan ta yi jikoki. Zumuntar matan cocinmu ce ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin dogon-yaron da ke bayan ɗakin sujada, Mama kuwa ta zama ta farko da ta kai kujerarta. Ta ce ta gaji da riƙe littafin waƙoƙi don ado. Tun ina ƙarama nake ganinta da shi a hannu duk Lahadi, wani lokacin ma a juye, tana rera waƙa fiye da masu kallon baƙaƙen. An ce gemu ba ya hana ilimi, to furfura ma ba ta hana ba.

Da idonta ya buɗe, sai muka shiga uku. Ba a wuce allon shago sai ta karanta shi, ba a jefar da kwalin magani sai ta ji abin da ya ce. Idan muka hau keke daga unguwarmu ta Fezzan zuwa kasuwa, takan sa mai keken ya rage gudu don ta ƙarasa rubutun da ke bayan motar gabanmu. Abu ɗaya ya gagare ta, shi ne Littafi Mai Tsarki na gidanmu, wanda baƙaƙensa suka yi ƙanana kamar jerin kiyashi. Shi ne kuwa dalilin shigarta ajin tun farko.

Ni malamar firamare ce, na san maganin wannan. Na je kantin littattafai na ce a ba ni mai manyan baƙaƙe. Aka ɗauko mini wani jibgege mai baƙin bango, na buɗe na ga ko daga bakin ƙofa ana iya karanta shi, na rungumo shi na kawo gida. An rubuta a ciki cewa sabuwar fassara ce, amma ni girman harufa na je nema, ban tsaya bin wannan ba. Mama ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa, ta hana jikoki zuwa kusa da shi.

A cocinmu akwai Lahadi guda a shekara da ake bar wa mata komai. Su ke jagorar sujada, su ke karɓar baiko, wato sadakar da ake tarawa a coci, su ke wa'azi, maza kuwa su zauna a ɓangarensu riƙe da jarirai suna kallon agogo. A wannan shekarar aka zaɓi Mama ta yi karatun Littafi a gaban jama'a. Matar da ba ta taɓa zuwa gaban ikilisiya ba sai da rawar baiko, ita ce za ta hau mumbari ta karanta babi guda. Ta kira 'yan'uwanta na ƙauye ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu. Ta goge ankon zumunta tun da sauran lokaci, ta rataye, kullum da safe kuma bayan shara sai ta zauna a tsakar gida da yatsa a kan layi tana maimaita babin, kaji suna saurare.

Ana cikin haka sai ga wani dattijon cocinmu, tsohon malamin dabbobi da ya yi aikinsa a Kasuwar Shanu, ya faɗo gidan da tsakar rana yana zuba gumi, waya a hannu. Wai saƙon murya aka turo masa. Babu wanda ya san mai maganar, amma yana ta ɗaga murya cewa Turawa sun cire maza daga Littafi Mai Tsarki, kuma kwalayen sun riga sun shigo ƙasar nan. Baba ya saurara har sau biyu, fuskarsa tana ƙara tsawo. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Wancan ƙaton da kika kawo gidan nan, ɗauko shi."

Mahaifina shi ne shugaban dattawan ikilisiya, kuma tsohon akawun gidan waya. Ya ce in buɗe tsohon da sabon in karanta masa, wai ya manta inda ya ajiye tabaransa. Baba bai taɓa mallakar tabarau ba, domin a ganinsa idonsa lafiya lau, masu buga littafi ne suka lalace. Na buɗe babin da Mama za ta karanta, inda wani uba yake yi wa ɗansa gargaɗi. A tsohon, ɗa namiji ake kira. A sabon kuwa an mayar da shi 'ya'ya, a wani wurin ma an fito fili an ce maza da mata. Malamin dabbobi ya dafe ƙirji ya ce ga shi nan, abin da ake gudu ya shigo har gidan shugaba.

Ba zan ce damuwar Baba shirme ba ce, ko da yake a ranar na ce haka a zuciyata. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karɓar wasiƙun mutane yana miƙa su yadda suka zo. Ya ce mini, "Idan uwa ta rubuta wa ɗanta, ni akawu ba ni da ikon ƙara sunan ƙanwarsa a kai, ko da na san gidansu ɗaya. Yau an taɓa wannan kalma don a faranta wa wasu. Gobe wacce za a taɓa, kuma wa zai gaya mana?" Tsohon littafin nan na mahaifinsa ne. Shi kaɗai aka fitar daga gidan kakanmu a ƙauye a shekarun tashin hankali, gefensa ma da alamar wuta. Na ce masa ai gargaɗin ya shafe mu mu ma, tunda Mama ta fi kowa binsa. Ya ce bai musa ba, amma wannan aikin mai wa'azi ne ya bayyana, mai fassara ba shi da hurumi. Da na ƙara magana sai ya rufe ni da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni kuwa ina tuna cewa babban nan ba ya iya hango lambar gidanmu daga bakin titi.

Ya naɗe littafin Mama a tawul, ya kai coci, ya kulle a kabad ɗin da ake ajiye kofunan jibin Ubangiji, ya jefa makullin a aljihu. Mama tana tsaye da tsintsiya har ya fita. Abin da kawai ta ce shi ne, "Baban yara, Lahadin ta kusa fa."

Aka kafa kwamitin bincike na mutum uku: Baba, da malamin dabbobi, da wani tsohon soja da kunnensa ɗaya ya mutu tun yana bakin aiki, shi ya sa ba ya magana sai da ƙarfi. Al'adar cocinmu ce kwamiti ba ya zama sai da shayi da ƙosai, kuma matan zumunta ke kawowa. Don haka Mama ce ta riƙa jiƙa wake tana soya wa masu shari'ar littafinta ƙosai, ba ta kuma taɓa rage musu yaji ba. Ni aka ce in riƙa halarta a matsayin wadda ake tuhuma. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Shirinsu shi ne su bi littattafan biyu layi-layi daga farko. Matsalar ita ce tabarau ɗaya ne a tsakaninsu, na tsohon sojan, wanda aka ɗaure hannunsa guda da zaren buhu. Soja ya sa ya karanta layi a tsohon, ya cire ya miƙa wa malamin dabbobi ya duba a sabon, shi kuma ya miƙa wa Baba, Baba ya ce ba ya bukata amma bari ya gwada ko na kirki ne. Kafin tabarau ya zagayo, na farko ya manta abin da ya karanta, sai a koma baya. Na ce su bar ni in karanta musu, aka ce wadda ake tuhuma ba ta karanta wa alƙali takardar shari'a. Zama ya bi zama, ƙosai yana ƙarewa, su kuwa ba su fita daga labarin halittar duniya ba.

Malamin dabbobi ne ya kawo mafita. Ya ce a aikinsu, idan ana shakkar an taɓa dabba, ba a tsayawa dogon turanci, sikeli ake hawa da ita. Idan da gaske an cire maza daga littafin nan, dole ya fi tsohon sauƙi, domin maza ba ƙananan kaya ba ne. Soja ya buga tebur ya ce gani ya kori ji. Malamin dabbobi ya so a tafi wurin wani mahauci abokinsa a Kasuwar Shanu, Baba ya ce littafin mahaifinsa ba zai kwanta inda ake ɗora tumbi da ƙafar sa ba. Aka yi ta tunani har aka tuna da maƙwabcinmu, wani Alhaji Babarbare mai sayar da turaren wuta a Kasuwar Litinin, wanda yake da sikelin nan na da mai faranti biyu.

Mu huɗu muka cusa kanmu a keke ɗaya, soja a gaba yana ba mai keken umarnin hanyar da ya fi shi sani. Alhaji ya tarbe mu da murna, ya sa aka shimfiɗa mana darduma a tsakanin buhunan sandal da kwalaben humra.

"Wushe, wushe. Baba, ke ce da kanki a kasuwa yau? Mama yana lafiya?"

Tun zuwanmu Fezzan Alhaji yake kiran mahaifina da ke, yana kiran mahaifiyata da shi, irin Hausar wasu dattawan garin nan, Baba kuwa bai taɓa kafa masa kwamiti ba. Da aka yi masa bayanin abin da ya kawo mu, bai yi dariya ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya yanko farin ƙyalle sabo ya shimfiɗa a kowane faranti, ya ce littafin addini ko ba naka ba ne ba a ɗora shi a kan ƙura. Baba ya ɗora tsohon a dama da hannu biyu. Malamin dabbobi ya ɗora sabon a hagu ya ja da baya.

Farantin hagu ya faɗi ƙasa da ƙara, na dama ya yi sama har littafin kakanmu ya kusa zamewa. Dattawa suka tsaya suna kallon juna. Soja ne ya fara magana, da muryar da ta kai layin masu atamfa, ya ce to maza suna nan, ba a taɓa su ba. Malamin dabbobi ya girgiza kai ya ce abin ya fi haka muni, mata aka loda a kai. Na ce takardar sabon ta fi kauri, baƙaƙensa kuma manya ne, Baba ya tuna mini matsayina. Kafin nan mutane sun fara taruwa a bakin shagon. Wata mata da ta zo sayen humra ta leƙo ta tambayi Alhaji ko sabon kaya ne, kuma a mudu ake sayarwa ko a kilo.

Alhaji, da yake ɗan kasuwa ne ba ya son awo ya tashi babu sakamako, ya ce bari a gano yawan abin da aka ƙara. Ya riƙa ɗibar guntayen sandal yana zubawa a gefen tsohon littafin, a hankali, har farantan suka daidaita. Tulin ya yi tsayi sosai. Malamin dabbobi ya durƙusa ya dube shi ta gefe, irin kallon da yake yi wa bijimi, ya ce to wannan shi ne nauyin matan da aka shigar. Soja ya ce ƙarya ne, matarsa ita kaɗai ta fi haka. Muka koma da littattafai biyu suna ƙamshi, har mai keken ya tambaya ko kayan amarya muka ɗauko.

Hukuncin kwamiti ya fito a zama na gaba. An gode wa Allah ba a cire maza ba, amma an yi ƙari, ƙari kuwa da ragi duk taɓawa ne. Saboda haka ba za a ɗora sabon littafin a kan mumbari ba har sai bincike ya kammala. Aka kai wa fasto. Faston namu yaro ne sabon zuwa, dattawan nan kuma kowannensu ya haife shi. Ya saurara da kyau, ya ce zai tuntuɓi na sama, a ci gaba da addu'a.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Mama ta koma kan tsohon littafin. Ta fitar da shi rana, ta haska shi da fitilar waya, ta aro tabaran maƙwabciya, ta nisanta shi, ta kusanta shi har hancinta yana taɓa takarda. Ba ta kai layi biyu sai idon ya cika da ruwa baƙaƙen su narke. Ranar Juma'a da la'asar na same ta a tsakar gida ta rufe shi ta ɗora a cinya, tana kallon ankonta da ke rataye a igiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin Baba irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ce, "Mama, ai kin haddace babin nan. Ki riƙe littafin Baba a buɗe ki zuba musu da ka. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ni zan sani. Tun ina budurwa nake zuba abu da ka, ina riƙe da littafi ina yi kamar ina gani. Ba don in ƙara yin haka na zauna a gindin bishiya da jikokin mutane suna yi mini dariya ba. Idan ba zan karanta ba, a ba wata."

Baba yana zaure a kan tabarmarsa da rediyo, na kuma ji lokacin da ya rage muryar rediyon. Washegari da hantsi sai ga shi ya dawo a keke da baƙin allon makarantar Lahadi, rabinsa a waje, shi yana riƙe da shi kamar wanda ya sayo ƙofa. Ya jingina shi da bangon tsakar gida, ya fito da alli daga aljihu, ya miƙo mini littafin mahaifinsa. Ya ce in karanta masa a hankali, kalma-kalma, kada in kuskura in gyara komai.

Rubutun Baba abin kallo ne, irin na akawun da. Ya ja layuka da zare don kada su karkace, ya yi kowane harafi kamar tafin hannun yaro. Ya rubuta babin duka da kalmomin tsohuwar fassara, ɗan nan namiji yana nan a inda yake. Mama ta zo ta tsaya daga nesa, ta karanta layin farko ba tare da ta matso ba, sai na ga ta juya ta shiga madafa da sauri. A ranar an ci miyar kuka da naman da ba a saba gani ba sai Kirsimeti. Baba ya kafa doka cewa kada wanda ya taɓa allon, shi da kansa zai kai shi coci.

Safiyar Lahadi ya sa babbar rigarsa ta shadda mai ruwan bula. Da za mu hau keke ya ce iska da gwiwoyin mutane za su goge rubutun, don haka ya juya fuskar allon zuwa jikinsa ya rungume shi tsam. Zafin Maiduguri ba ya jiran rana ta yi tsaka, hanyar kuma duk ramuka. Duk ramin da muka faɗa, Baba sai ya ƙara matse allon. Da muka isa ya shiga da shi a haka, ya jingina shi yana kallon bango, ya je ya zauna a kujerar dattawa yana fifita da takardar sanarwa.

Coci ya cika. Mata sun yi anko, ana buga tulu ana kaɗa caki, 'yan'uwan Mama biyu sun zo takanas daga ƙauye. Da lokacin karatu ya yi aka kira ta, ta tashi ta hau mumbari tana gyara ɗaurin kallabi. Baba da tsohon soja suka ɗauko allon, kowa ya kama gefe, suka juyo da shi.

Sama yana nan, ƙasa yana nan, gefe da gefe akwai guntayen kalmomi. Tsakiyar kuwa babu komai sai wata ƙatuwar da'ira fara-fara, daidai faɗin tumbin mahaifina. Shi yana bayan allon bai gani ba, ya ɗaga kai yana kallon jama'a da fuskar wanda ya gama aikinsa. 'Yan matan da ke layin gaba suka fara cusa kallabi a baki.

Mama ta fara. Tana nuna kowace kalma da yatsa daga inda take, tana furta ta a hankali, ta wuce layi na farko, na biyu, na uku. Da ta iso bakin da'irar sai ta tsaya. Daga ɓangaren mata aka fara raɗa mata abin da ke gaba, domin rabinsu sun haddace babin saboda yawan jin ta. Ta ɗaga musu hannu suka yi shiru.

"Baban yara, nan babu rubutu."

Baba ya leƙo ta saman allon ya gani. Ya dubi rigarsa, wadda gabanta ya koma fari fat. Ya rage murya ya ce, "Ci gaba mana, ai kin san shi."

"Na san shi tun kafin ka aure ni. Karatu aka ce in yi."

Tsohon soja, wanda a tunaninsa raɗa yake yi, ya ce, "Shugaba, ai ragowar tana jikin cikinka." Cocin ya fashe da dariya. Har fasto ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa, kafaɗunsa suna motsi. Aka nemi alli, aka ce yana gida a aljihun rigar jiya. Mama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma sauka ba. Tana tsaye a mumbari da hannu biyu a kan katako, tana kallon mijinta, ni kuma na san idan ta sauka a haka ba za ta sake hawa ba har abada.

Sai Baba ya sakar wa soja allon, ya sa hannu a aljihu, ya bi ta ƙofar gefe. Muna jin ƙarar kabad daga inda muke. Ya dawo ɗauke da jibgegen littafin a cikin rigar atamfar da Mama ta ɗinka masa. Malamin dabbobi ya miƙe daga kujerar dattawa.

"Shugaba, hukuncin kwamiti fa?"

"Hukunci ya ce kada a ɗora shi a kan mumbari. Ka ga na ɗora?"

Ya tsaya a gaban Mama, ƙasa da mumbarin, ya ce mata ta buɗe da kanta tunda ita ta san wurin. Ta buɗe. Ya ɗaga littafin da hannu biyu daidai fuskarta, bangon yana jingine da goshinsa, ya zama shi ne teburin. Malamar ajinsu ta koya musu cewa wanda karatu ya yanke masa ya koma farko, don haka Mama ta koma farko.

Babin dogo ne, Mama kuwa ba ta san gaggawa ba. Kowace kalma sai ta ɗora mata yatsa, yatsan kuma yana danna littafin, littafin yana danna dattijo. Daga inda nake zaune ina ganin gefen fuskarsa. Da ta iso wurin da aka ce maza da mata, ya runtse ido kamar mai haɗiye maganin zazzaɓi, amma littafin bai sauko ba. Wajen tsakiya gumi ya fara bin gwiwar hannunsa yana ɗiga. Soja ya matso zai taimaka, Baba ya kore shi da ƙafa. Babu mai dariya a lokacin. Ana jin muryar mace ɗaya tana bin baƙaƙe, da ƙarar fanka, da wani jariri a hannun ubansa. Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin da kanta, mata suka ɗauki guɗa, ni kuwa kuka nake yi sosai, ban ma damu da wanda ya gan ni ba.

Baba ya juyo ga jama'a da farin tumbinsa, ya sanar cewa kwamiti bai kammala bincike ba. Har yau bai kammala ba, suna nan suna cin ƙosai, an ce sun kusa fita daga labarin ruwan tufana. Bai kuma canza ra'ayinsa ba ko da ƙwayar zarra, duk wanda ya tsokane shi zai sha bayani. Amma a ranar littafin bai koma kabad ba. Ya ce za a tafi da shi gida don shugaba ya riƙa sa masa ido a kusa.

A keke muna komawa, littafin yana cinyar Mama, Baba yana murza damatsansa a ɓoye. Har muka wuce shatale-tale Mama ba ta karanta allon shago ko ɗaya ba. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Ni fa ban yarda da fassarar nan ba."

"Na sani."

Can ya ce, "Karatun ya yi. Sai dai a ayoyin ƙarshe kin yi sauri, ba a haka."

Mama ta gyara zaman littafin a cinyarta, tana kallon titi.

"Hannunka na ga yana rawa," in ji ta.